Yadda ake gane amintaccen mai kiwon karnuka da gidan ceton dabbobi na gaskiya

Matsalar tsaro ta mayar da karen gadi haja mai tafiya a Abuja da Kaduna da Jos da Kano. Ɗan kasuwar da ke da ɗakin ajiyar kaya a bayan gari, da ma'aikacin da ya tare a sabuwar unguwar da maƙwabta ba su cika ta ba, sau da yawa tunaninsu kan tsaya a wuri guda: a samo kare. Malamai da dama sun halatta ajiye shi domin gadi da farauta da tsaron dabbobi, saboda haka mai nema ba ya rasa hujja. Abin da yakan rasa shi ne sanin wurin wanda ya kamata ya saya.

Yanzu mafi yawan cinikin a waya ake fara shi. Hotunan kwiyakwiyai masu sheƙi sun cika Facebook da Instagram da WhatsApp, kowane da alƙawarin cewa tsantsar iri ne kuma an gama masa allurai. A gefe guda kuma ga ƙungiyoyin da ke cewa suna ceto dabbobin da aka yasar, suna neman taimakon kuɗi ko wanda zai karɓi riƙo. A cikin ɓangarorin biyu akwai masu gaskiya, akwai kuma 'yan damfara, kuma dukkansu da daɗin baki suke zuwa. Abin da ke raba su shi ne abin da suke yarda a gani da ido a kuma bincika a wurin wani.

Abin da ke cikin haɗari

Asarar farko ta kuɗi ce. Kwikwiyon manyan karnukan waje yakan kai ɗaruruwan dubban naira, ban da abinci da magani. Asara ta biyu ita ce dabbar kanta, domin kwikwiyon da aka haifa cikin ƙazanta yakan mutu kafin ya yi wata guda a sabon gida.

Ta uku ta fi su duka nauyi, wato cutar haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na hallaka kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka. Kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Wanda ya shigo da karen da ba a san tarihinsa ba cikin gidan da yara ke wasa, ba dukiyarsa kaɗai ya sa a caca ba.

A fara da ganin uwa

Gani ya kori ji. Gwajin farko, wanda yake tankaɗe mafi yawan 'yan bogi, shi ne mai saye ya nemi zuwa wurin da aka haifi kwikwiyon, ya gan shi tare da uwarsa da 'yan uwansa. Mai kiwo na gaskiya ba ya jin nauyin wannan buƙata. Wanda ya ce a haɗu a gidan mai, ko a bakin tasha, ko ya ce uwar tana wani gari, to akwai yiwuwar dillali ne da ya saro daga inda shi kansa bai san yanayinsa ba.

Ganin uwa yana amsa tambayoyi da yawa a lokaci guda. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: girmanta da tafiyarta da halinta su ne mafi kusa da abin da kwikwiyon zai zama. Karyar da ta shayar kwanan nan ana ganin alamar hakan a nonuwanta, kuma 'ya'yanta kan bi ta suna hawa jikinta ba tare da ta gudu ko ta yi musu gurnani irin na baƙi ba. Idan aka fito da wata karya mai kyau wadda ba ta kula kwiyakwiyan, su ma ba su kula ta ba, to mai yiwuwa aro ta aka yi domin idon baƙo.

Wurin ma yana magana. A duba ko akwai ruwa mai tsabta da inuwa da sarari, ko kuwa keji ne a kan keji, da wari da ƙudaje. A duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska, a duba fata saboda ƙuma da ƙazuwa. Kwikwiyo mai lafiya idonsa garau yake, hancinsa ba ya zubar da majina, dasashinsa ja-ja ne ba fari fat ba. Tumbi ƙato a kan siraran ƙafafu yawanci alamar tsutsar ciki ce.

Akwai kuma lissafi mai sauƙi. Karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63, kuma galibi sau biyu take neman barbara a shekara. Wanda yake da karya biyu ko uku amma kullum yana da kwiyakwiyai na kowane iri a kowane wata, ko dai yana sarowa ne, ko yana tilasta wa iyayen haihuwa ba hutu.

Wannan ƙa'ida ta ganin uwa ta zama doka a Ingila. Tun daga ranar 6 ga Afrilun 2020 aka haramta wa shaguna da dillalai sayar da kwikwiyo ko 'yar kyanwar da ba ta kai wata shida ba. Mai so sai ya je wurin wanda ya kiwata kai tsaye, ko gidan ceto. An sa wa dokar sunan Lucy, wata karya da aka ceto daga gidan da ake tara karnuka domin haihuwa kawai a yankin Wales.

Kada a karɓi wanda bai isa yaye ba

Likitocin dabbobi sun yi ittifaƙi cewa bai kamata a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako takwas ba. A waɗannan makonni yake samun kariya daga nonon uwa, a nan kuma yake koyon iyakar cizo daga wasa da 'yan uwansa. Wanda aka cire da wuri yakan tashi da tsoro ko da zafin rai marar dalili. Karen gadi mai tsoro shi ne mai cizon ɗan aike da yaron maƙwabta, ya kuma ɓuya ranar da ɓarawo ya zo.

Mai sayarwa yana da dalilin gaggawa, domin kowace rana ta ƙarin abinci ce, kuma ƙaramin kwikwiyo ya fi shiga rai. Shi ya sa wasu ke ƙara masa kwanaki a baki. Haƙora ba sa ƙarya: na nono sukan fara fitowa a wajen mako uku, su kammala a tsakanin mako shida zuwa takwas, na dindindin kuma su fara maye gurbinsu a wajen wata huɗu. Likitan dabbobi zai iya ƙiyasta kwanakin cikin 'yan mintoci.

Katin rigakafi da yadda ake karanta shi

Kusan kowane mai talla zai ce an yi allurai. Maganar ba ta da nauyi sai da kati, katin ma ba shi da nauyi sai an bi diddiginsa. Tsarin da aka saba shi ne a fara allurar haɗaka, wadda ke kare kwikwiyo daga cututtukan fabo da distemfa da wasunsu, a tsakanin mako shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai kimanin mako 16. Allurar haukar kare kuwa a wata uku ake fara ta. Saboda haka wanda ya ce kwikwiyo ɗan mako bakwai ya gama dukkan alluransa, har da ta hauka, ko bai san aikin ba, ko kuma ya san abin da yake ɓoyewa.

Katin kirki yana ɗauke da ranar kowace allura, da takardar da aka ɓamɓaro daga jikin kwalbar maganin mai lambar rukuni da ranar lalacewa, da sunan likita da sa hannunsa da hatimin asibiti. Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ce ke yi wa likitoci rajista, kuma kowane yana da lambarsa. Kiran waya ɗaya zuwa asibitin da aka rubuta a katin ya isa ya tabbatar ko sun taɓa ganin wannan kwikwiyo.

Dalilin dagewa a kan asibiti shi ne sanyi. Maganin rigakafi yana buƙatar ajiya a ma'aunin sanyi 2 zuwa 8, kuma a ƙasar da wutar lantarki ba ta tsayawa, kwalbar da ta kwana a aljihu ko a firjin da ya mutu ba ta da maraba da ruwa. Mai kiwon da ke yin allura da kansa zai iya kasancewa da kyakkyawar niyya, amma ba shi da hanyar tabbatar da cewa abin da ya tsira wa dabbar yana da rai.

Jabun takardu ba ƙaramar matsala ba ce. A watan Yulin 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe fiye da 100 da cutar hauka ta yi katutu a cikinsu, har da Najeriya, bayan da ta ga yawaitar takardun rigakafi na ƙarya. Idan ana iya gwada yaudarar jami'an kan iyaka da irin wannan takarda, mai saye a unguwa ya fi sauƙin faɗawa.

Cutar fabo ita ce ta fi cin kuɗin masu saye. Takan yi kwana uku zuwa bakwai a ɓoye, saboda haka kwikwiyo zai iya barin hannun mai shi yana tsalle, bayan 'yan kwanaki ya kama amai da zawo mai jini. Ƙwayar cutar kuma tana iya rayuwa watanni a ƙasa, ta jira kwikwiyo na gaba. Shi ya sa ya dace a rubuta yarjejeniya tun kafin biyan kuɗi: za a kai dabbar wurin likitan da mai saye ya zaɓa cikin kwana biyu ko uku, idan an samu ciwo a mayar da ita a dawo da kuɗi. Wanda ya ƙi sa hannu a kan wannan ya riga ya ba da amsa.

Batun tsantsar iri

Irin da aka fi nema a biranen Najeriya sun haɗa da Jaman Shefad, wanda wasu ke kira karen 'yan sanda, da Rotwaila, da Bobel na Afirka ta Kudu, da Kokeshiyan. A ƙuruciya, ruwa biyu da tsantsa sukan yi kama, sai an yi wata shida gaskiya ta fito. Takardar asali tana da amfani ne kawai idan ƙungiyar da ta bayar da ita tana nan kuma za a iya tuntuɓarta. Karen da aka ce daga waje aka shigo da shi yawanci yana da 'yar ƙwayar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai lamba 15, wadda asibitin da ke da na'urar karantawa zai iya gwada ta da lambar da ke takarda.

Mai kiwo mai amana yana faɗin aibin hajarsa. Zai ce Jaman Shefad da Rotwaila suna yawan gadon ciwon ƙugu, ya kuma nuna yadda iyayen ke tafiya da gudu. Zai ce Kokeshiyan daga tsaunukan Kokasas masu sanyi ya fito, gashinsa mai kauri ne, namijin kan wuce kilo 50, kuma zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri azaba ne gare shi. Zai iya ma ba da shawarar cewa karen gida, wanda jikinsa ya saba da zafi da cututtukan yankin, ya fi dacewa da wanda ba shi da halin ciyar da ƙaton kare. Wanda duk tambayar da aka yi masa amsarsa ita ce babu matsala, kuɗin kawai yake hange.

Haka kuma shi ma yana tambaya. Yana so ya san ko gidan yana da katanga, ko akwai ƙananan yara, wa zai riƙa ciyarwa, ko kuma ɗaure shi za a yi dare da rana. Yakan yi alƙawarin karɓar karen idan riƙo ya gagara, kuma ba ya tsoron haɗa sabon mai saye da waɗanda suka saya a baya.

Cinikin biri a sama

Akwai kuma waɗanda ba su da kare ko ɗaya. Sukan kwaso hotuna daga shafukan wasu, su sa farashin da ya yi ƙasa da na kowa, su ce mutane da yawa na layi, a turo kafin alƙalami yanzu. Bayan an biya sai a nemi kuɗin mota, sai na keji, sai na wata takarda, har ranar da lambar za ta daina shiga. Damfarar ba ta san iyakar ƙasa ba: a watan Afrilun 2022 kamfanin Google ya shigar da ƙarar wani mutum da ke Kamaru a wata kotun Amurka, bisa zargin buɗe shafukan sayar da kwiyakwiyan da babu su.

Araha ba ta ado. Kariyar ita ce kada kuɗi su fita kafin ido ya gani. Idan nisa ya hana zuwa, a tura ɗan uwa ko likitan dabbobi na garin, ko a nemi kiran bidiyo kai tsaye inda za a ga mai sayarwa da uwar da 'ya'yan a wuri guda. A lura ko sunan asusun banki ya dace da sunan mutumin ko kamfanin. Wanda aka riga aka cuta kuwa ya adana rasit da saƙonni, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙorafi ga 'yan sanda ko Hukumar EFCC.

Gidajen ceto: tausayi ma ana kasuwancinsa

Gidan ceton dabbobi wuri ne da ake tattara karnuka da kyanwoyin da aka yasar ko aka wulaƙanta, a yi musu magani, a nema musu sabon mai riƙo. Aiki ne na jinƙai, kuma masu yin sa da gaske sukan ƙarar da abin hannunsu a kai. Amma sunan ceto yana buɗe aljihu, shi ya sa wasu ke fakewa da shi.

Abin da ya faru a Amurka misali ne. Daga ranar 1 ga Janairun 2019 Jihar Kaliforniya ta hana shaguna sayar da karnuka da kyanwoyi da zomaye sai waɗanda suka fito daga gidajen ceto. Nan da nan sai ga ƙungiyoyin ceto na takarda kawai, waɗanda 'yan kasuwa suka kafa domin su bi da hajarsu ta ciki. A shekarar ce babban lauyan gwamnatin Jihar Ayowa ya gurfanar da wasu daga cikinsu a kotu.

Darasin shi ne rajista kaɗai ba ta isa shaida ba, ko da yake rashinta alama ce. A Najeriya ƙungiya mai zaman kanta tana rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, kuma kowa zai iya neman sunanta a shafin hukumar. Bayan wannan sai a duba aiki. Gidan ceto na gaskiya yana da adireshin da za a iya zuwa, da likitan da za a iya kira, da asusu da sunan ƙungiya. Dabbobinsa gauraye ne: tsofaffi da guragu da karnukan gida. Idan kullum kwiyakwiyan waje masu tsada ne ake cewa an ceto, kuma kuɗin karɓar riƙo ya yi daidai da farashin kasuwa, to shago ne ya sauya allo.

Yana kuma faɗin tarihin kowace dabba ba tare da ado ba: inda aka same ta, ko ta taɓa cizo, ko tana jituwa da yara. Yana killace sabuwar zuwa kafin ya haɗa ta da sauran, yana yi mata rigakafi, kuma galibi yana dandaƙe maza ya yi wa mata aikin hana haihuwa, domin burinsa rage yawan na titi ne. Akwai kuma masu niyya mai kyau da ke tara abin da ya fi ƙarfinsu, har dabbobin su koma cikin yunwar da aka ce an cece su daga gare ta. Gidan da a kowane wata yake shelar sababbin shigowa amma ba ya nuna waɗanda suka samu gida, ya cancanci tambaya.

Mafi muni su ne masu shirya bidiyon ceto. Sukan jefa kwikwiyo cikin rami ko su ajiye shi gaban maciji, su ɗauki hoton kansu suna kuɓutar da shi, su sa lambar asusu a ƙasa. Abin ya yi yawan da YouTube ya sanar da haramta irin wannan bidiyo a 2021. Alamunsu a bayyane suke: mutum ɗaya kullum shi ke tsintar dabba a bakin mutuwa, kyamara a shirye tun kafin ya iso, dabba ɗaya tana fitowa a bidiyo daban-daban, kuma ba a taɓa ganin asibiti ko abin da ya biyo baya ba. Duk wanda ya yaɗa ko ya tura kuɗi, ya biya ladan azabtar da dabba ta gaba.

Bayan an kawo shi gida

Ko daga ina kare ya fito, zangonsa na farko asibitin dabbobi ne. Akwai na gwamnatocin jihohi, akwai kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu samar da rigakafin haukar kare a cikin gida, kuma jihohi da dama kan yi gangamin allura a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. Allurar ba ta sau ɗaya ba ce, ana sabunta ta bisa jadawalin da likita ya rubuta.

Idan kuwa tsautsayi ya sa kare ya ciji mutum ko ya yage shi, matakin farko shi ne wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar, ba tare da jiran alamu ba. Karen kuma a killace shi kwana goma a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. A wannan rana ce ma'aikacin lafiya zai nemi a nuna masa katin rigakafi, kuma a lokacin ne iyali za su san ko takardar da aka miƙa musu ranar ciniki ta gaskiya ce.